Ina kududdufan Kano suka shiga? Abin da tsofaffin hotuna ke nunawa

Kwanakin baya wani ya jefo hoto a zaurenmu na WhatsApp na tsofaffin 'yan aji, baƙi da fari, an rubuta a ƙasansa wai Kano ce a 1960. Titi ne mai faɗi, motocin da ke kai ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, masu kekuna sun fi yawa, ga darbejiya jere a gefe. Kafin ka ce kwabo sharhi ya ɓarke. Allah sarki Kanon da. Ga tsabta, ga tsari, ba cunkoso. Wani har da cewa Turawa na tafiya muka lalata komai. Can sai abokinmu da ya yi aiki a ofishin safiyo har ya yi ritaya ya rubuto layi ɗaya: "Ku dubi hannun da motocin nan suke bi." Dama suke bi. Najeriya kuwa ba ta bar tuƙin hannun hagu ba sai ranar 2 ga Afrilu, 1972. Wani ya ce ai wataƙila a juye aka wanke hoton, aka nuna masa allon wani kanti a gefe, rubutun daidai yake karantuwa. Ke nan hoton da aka yi ta jimami a kansa na zamanin Gwamna Audu Bako ne ko bayansa, Turawan mulki sun fi shekara goma da tattara komatsansu.

Don haka duk wanda zai karanta gari a tsohon hoto, tambayarsa ta farko ita ce yaushe aka ɗauka, kuma rubutun da ke ƙasan hoto shi ne abu na ƙarshe da zai yarda da shi. Kano tana da alamomi da ke taimakawa. In ka ga farashi a jikin allo da fam da sule, kafin 1973 ne, shekarar da naira ta shigo. In ka ga turakun lantarki a cikin birni, ba a kai ga haka ba sai daga farkon shekarun 1930, lokacin da aka kawo wuta da ruwan famfo daga Challawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Babban Masallacin Juma'a mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu a farkon shekarun 1950 aka gama shi. In ka ga doguwar hasumiyar ƙasa a wurin, ka san hoton ya girmi haka. Har hotunan jiya-jiya ma suna da nasu alamu: titi cike da 'yan acaba ɗauke da fasinja kafin Janairun 2013 ne, lokacin da aka hana su bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Tambaya ta biyu ita ce daga ina mai hoton ya tsaya. A nan Kano ta yi sa'a, tana da Dala da Goron Dutse. Gini ya rushe, titi ya sauya suna, amma duwatsun nan biyu suna inda suke, kuma da su ake gane gabas da yammar hoto.

Da ka iya waɗannan biyun, sai ka fara lura da wani abu da masu kukan Kanon da ba su cika ambata ba. Gine-ginen da suka ɓace suna da yawa, gaskiya ne. Amma abin da ya fi cika tsofaffin hotunan nan shi ne wuraren da babu gini: ruwa, gona, fili, inuwar kuka. Su ne suka tafi gaba ɗaya, kuma tafiyarsu ce take bayyana mafi yawan abin da muke ƙorafi a kansa yau.

Mu fara daga sama. A 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya hau Dala ya zana garin da hannu, don ba kyamara ya zo da ita ba. Ya ƙiyasta mazauna birnin mutum dubu 30, ya ce sukan ninka a lokacin da fatake suka sauka. Shekara tamanin bayan haka, a ƙarshen 1930 zuwa farkon 1931, wani matuƙin jirgin sama ɗan Suwizalan mai suna Walter Mittelholzer ya ratso Sahara zuwa Tafkin Chadi, ya ɗauki Kano daga sama. Hotunansa suna ajiye a ɗakin karatu na wata jami'a a Zurich, kuma an saka su a intanet. Abin mamaki shi ne yadda zanen da hotunan suka yi kama. Soraye masu shimfiɗaɗɗen rufi a cunkushe wuri guda, bishiyoyin dabino sun yi sama, sai ramuka na ruwa birjik a tsakanin unguwanni kamar an yayyafa su. Ita kuwa ganuwa tana can nesa da gidaje ta ɓangaren yamma da arewa, tsakaninta da su gonaki ne da makiyaya.

Ba kuskuren awo ba ne. Tun da Sarki Gijimasu ya fara ginin badala a ƙarni na 12, har zuwa faɗaɗawar da Muhammadu Rumfa da waɗanda suka biyo bayansa suka yi, an bar fili mai yawa a ciki da gangan. In maƙiya suka kewaye gari, mutanen karkara sukan shigo da dabbobinsu, kuma dole a sami inda za a yi noma a ci. Da Lugga, jagoran Turawan mulki a Arewa, ya ga ganuwar a 1903, ya rubuta cewa kewayenta mil 11 ne, ƙofofinta 13, tsayinta ƙafa 30 zuwa 50, kaurinta a gindi wajen ƙafa 40. Wannan filin na cikin ganuwa shi ne ya riƙe Kano shekaru masu yawa ba ta fashe ba. Ƙidayar 1952 ta ba garin mutum wajen dubu 130, har da waje, wato unguwannin bayan ganuwa. Yau ana ƙiyasta sama da miliyan huɗu. Gonakin cikin badala tuni suka zama unguwanni, kuma yaron da aka haifa a can ba zai yarda an taɓa shuka dawa a ƙofar gidansu ba.

Sai kududdufai, waɗanda a ganina su ne babban labarin. Kowane kududdufi gida ne aka juya. Da za a yi gini, a nan kusa ake haƙar ƙasa, a kwaɓa ta da ramno, a murza tubali, a shanya. Unguwa tana tashi sama, ramin yana zurfi. Bayan damina kuma a koma a ɗebo ƙasar yaɓe, don gidan ƙasa sai da gyara kowace shekara. Da ruwan sama ya sauka, indararon kowane soro ya zubo cikin lungu, lungu ya kai shi kwararo, kwararo ya kai shi kududdufi, wanda ya cika ya tumbatsa ya miƙa wa rafin Jakara. Babu injiniyan da ya zana wannan a takarda, amma magudanar ruwa ce cikakkiya. A bakinsa ake wanki, ake shayar da jakuna, ake noman rani ɗan kaɗan, yara suna kamun tarwaɗa.

Kada kuma a yi masa ado da yawa. Kududdufi gidan sauro ne, kuma duk wanda ya tashi a cikin birni ya san labarin yaron da ya tafi wanka bai dawo ba. Hoto ba ya ɗaukar wari. Shi ya sa da aka fara cike su ba a sami mai yi musu kuka ba.

Yadda suke mutuwa iri ɗaya ne kusan ko'ina, kuma in ka sami hotunan wuri guda na shekaru daban-daban za ka ga matakan. Da bulo da siminti suka shigo, an daina buƙatar ƙasar rami, sai kududdufi ya rasa aikinsa na farko. Sai ya zama bola. Bola ta yi ta cin bakinsa, leda ta zo ta ƙara mata ƙarfi don ba ta ruɓewa. In gefen ya yi tauri sai wani ya kafa rumfar kwano, wani ya ɗaure akuya, wani ya fara gyaran babur. Daga nan sai a ji an ce wurin yana da mai shi, ko hukuma ta yanka fuloti, tifofi su zo da ƙasa su gama aikin cikin mako biyu. Ruwan kuwa bai san an yi ciniki ba. Damina na zuwa zai bi hanyar da ya saba, ya tarar da bene a inda yake kwana, sai ya shiga ɗakin maƙwabta. Jakara kanta an ɗaure ta da kankare, an shimfiɗa titi a kanta a wasu wurare. Idan ana neman sanin unguwar da za ta kwana tana kwalfar ruwa a watan Agusta, hoton sama na shekarun 1930 zai iya nuna ta kafin hasashen masana yanayi.

Mu sauko ƙasa, cikin lungu. Tsofaffin hotunan unguwanni irin su Yakasai, Mandawari, Alfindiki ko Zangon Barebari suna nuna dogayen katangu marasa taga, masu zanko a kusurwa, wasu an shafe su da makuba, sai ƙofar zaure guda ɗaya da dakali a gefenta. Faɗin lungun daidai jaki ne da mangalarsa, don shi aka auna. Yau in ka tsaya a wurin, lungun yana nan bai gusa ba, sai dai fuskarsa ta canza: ƙofofin ƙarfe biyar a inda da ƙofa ɗaya ce, uku daga ciki shaguna.

Wannan canjin ba gwamnati ce ta kawo shi ba, gado ne da tsadar rayuwa. Mai gida ya rasu ya bar 'ya'ya goma sha biyu, a raba gida, kowane kaso ya nemi ƙofarsa, sai a fasa katanga. Tsakar gida da ke da bishiya da rijiya a yanka ta a tayar da ɗaki ciki da falo. Zaure, wanda da nan ake karɓar baƙo, nan almajirai ke karatu, nan maƙwabta ke cin tuwon dare tare, ya zama wurin da ya fi kowane ɗaki daraja a kasuwa saboda yana kallon hanya, sai a sa masa ƙofar shago a ba da haya. Ba na ganin laifin kowa a nan. Wanda ke da marayu a gabansa ba zai bar zaure a buɗe don tarihi ba. Haka ma rufin ƙasa. Azara ta yi tsada don giginyar da ake tsagawa ta yi nisa, maginan da suka iya ɗaurin guga sun ragu, kuma mai aikin albashi ba shi da lokacin tsayawa kan yaɓe duk shekara. Kwano sau ɗaya ake bugawa. Cewa ɗakin ya zama tanda a watan Afrilu, wannan kuma an bar wa fanka da wutar da ba ta zuwa.

Waje labarinsa daban ne, kuma yawancin hotunan da ake yaba wa tsarinsu daga can suke. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka ajiye tasha a gabas da ganuwa, sai nauyin ciniki ya fara zamewa daga Kurmi zuwa can. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna kusa da tasha, Kwarori suka zauna a inda ya zama Kantin Kwari, aka yanka Sabon Gari a 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, layi-layi kamar an ja da rula. Fagge, tsohon masaukin ayarin Azbinawa, ta zama tsani tsakanin birni da waje. Su kuma Turawan suka ware wa kansu Nasarawa da Bompai, da manyan filaye da bishiyoyi. Faffaɗan sararin nan da ake gani a hotunan yana da doka a bayansa. Tsarin Lugga na garuruwa ya tanadi a bar yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, wai don kada sauro ya ɗauko zazzaɓi daga jikinmu ya kai musu. Wato titin da muke kallo muna cewa ga Kanonmu ta da, kakanninmu ba sa kwana a bakinsa sai in kuku ne ko boyi ko mai gadi.

Hoton da ya fi kowanne yawo shi ne na dalar gyaɗa, kuma shi ma yana da fuska biyu. Fuskar da aka sani gaskiya ce: tun daga 1912 gyaɗa ta mayar da Kano cibiyar kuɗi, ta ɗaga 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata, kuma dala guda takan ci buhu wajen dubu 15, 'yan dako ne suke hawa da su a ka ɗaya bayan ɗaya. Fuskar da ba a cika faɗa ba ita ce dalilin da buhunan suke zaune a fili. Jira suke yi. Bayan yaƙin duniya na biyu jirgin ƙasa ba shi da isassun kawuna da taragai da zai kwashe amfanin shekara zuwa Ikko kafin wani ya shigo, sai kaya ya yi ta taruwa ana lulluɓe shi da tamfol. Yawan dala a hoto yana nuna albarkar noma, yana kuma nuna gazawar sufuri. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin man fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka share su. A wajen Ƙofar Mazugal sunan filin ne ya saura. Haka sunaye suke yi a Kano, suna daɗewa fiye da abin da aka raɗa wa. Mai zuwa Wapa canjin dalar Amurka ba lallai ya san sunan gidan silima yake kira ba, kuma ba wanda ke zuwa Rijiyar Lemo da guga.

Ƙofofi kuwa mota ce ta ci su. A hotunan farkon ƙarni na 20 ƙofar gari rami ce mai duhu a jikin katanga mai kauri, da ƙyauren da aka daddaɓe da ƙarfe, faɗinta daidai raƙumi da kayansa. Irin ƙyauren nan ana iya ganinsu a Gidan Makama. Da motoci suka yi yawa aka riƙa faɗaɗawa, aka kuma fasa sababbi, har ɗaya ta ci sunan Ƙofar Famfo. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka sake gina wata a gurbinta. Ƙofar Nasarawa yanzu gadar sama ce ta yi mata rumfa, Kabuga da Gadon Ƙaya da Ƙofar Ruwa kuma ta ƙarƙashin ƙasa ake ratsa su. Ita badala, duk da tana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO tun 2007 tana neman a amince da su a matsayin kayan tarihin duniya, an cinye ta daga ɓangarori biyu: masu ɗibar ƙasa ta ciki, masu yanka fuloti ta waje. Akwai wuraren da in ba an nuna maka ɗan tudun da ke bayan shaguna ba, ba za ka san a kan ganuwa kake sayen katin waya ba.

An yi ƙoƙarin shan gaban wannan girma. A farkon shekarun 1960 an ɗauko wani masani, Trevallion, ya tsara yadda Kano za ta faɗaɗa daga 1963 zuwa 1983. An bi wani ɓangare, an sami unguwannin awon gwamnati da yankunan masana'antu. Amma mutane sun fi takarda sauri. Mafi yawan Kanon yau awon igiya ce: mai gona ya ga gari ya matso, ya kira dillali da mai unguwa, a ja igiya a yanka, kowa ya biya ya kafa harsashi. Mai gona ba zai bar filin makaranta ko na kwata ba, don duk taku ɗaya kuɗi ne. Ɗorayi, Kurna, Sheka, Rijiyar Zaki, manyan ɓangarorinsu haka suka tashi. Waɗannan unguwanni, inda miliyoyi ke kwana, kusan ba su da tsohon hoto ko ɗaya, don ba wanda ya taɓa tsayawa ya ɓata fim a kan gonar gero.

Nan ne gibin yake. Waɗanda suka riƙe kyamara a wancan zamani jami'an mulki ne, da 'yan mishan, da matafiya, da masu buga katin gaisuwa na sayarwa. Abin da ya burge su suka ɗauka: hawan sallah, karofin Ƙofar Mata, kasuwar Kurmi, ƙofar fada, dalar gyaɗa. Cikin gida kuwa ba shiga, don haka rabin mutanen gari, mata, kusan babu su sai 'yan talla da masu ɗaukar ruwa. Hotunan da za su cike gibin suna cikin akwatunan iyayenmu, a tsakanin takardun fili da tsofaffin katin asibiti: ranar suna, ranar da aka sayi sabon keke, ranar dawowa daga Makka. Wanda aka ɗauka shi ne a tsakiya, amma garin yana bayan kafaɗarsa. Yanzu ma abin ya ƙara sauri, har hoton waya ya fara zama na tarihi. Wanda ya ɗauki filin Idi na Ƙofar Mata kafin a kewaye shi da shaguna, ya sake ɗauka da shagunan, ya kuma ɗauka bayan rusau na watan Yunin 2023, yana da wuri guda mai fuska uku a cikin 'yan shekaru.

A akwatin mahaifiyata na sami irin wannan hoto. Kawuna ne yana saurayi, ya jingina da keke Raleigh a ƙofar gidan kakanmu, ya karkata hula. A bayansa ta hagu akwai gindin kuka, sai wani farin sarari mai ƙyalli wanda da na ɗauka lalacewar takarda ce, sai da Hajiya ta sa tabarau ta ce ai ruwan kududdufin ne, nan suke wanke tukwane in an yi biki. Can sama a kusurwa ga kan Dala ya leƙo. Ran wata Asabar na ɗauki abokin nan nawa na safiyo muka je da hoton a hannu. Dakalin yana nan, an dai shafe shi da siminti. Ya sa ni na tsaya a inda yake ganin mai hoton ya tsaya, ya ce in ɗaga kai in nemo Dala mu daidaita. Na ɗaga. Bene ne mai hawa biyu, ƙasansa kemis da shagon cajin waya, kuma a jikin bangonsa, daidai gwiwata, akwai layin da ruwan bara ya bari.